Sauya Bodi: Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Mota a Yankin Birnin Gwari, da Inda Doka Ta Tsaya

Sauya bodi shi ne a kwashe injin mota da giyarta da ƙafafunta da wayoyin lantarkinta daga gangar jikin da tsatsa ta cinye, ko wuta ta lashe, ko haɗari ya murɗe, a mayar da su cikin wata gangar jikin da ke da sauran lafiya. A Ingila da Amurka aikin masu hali ne, mutanen da ke zuba dukiya domin motar zamanin iyayensu ta sake sheƙi ranar baje koli. A yammacin Jihar Kaduna kuwa, inda hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta ratsa daji na tsawon kusan kilomita 120, aiki ne na neman tuwo. Direban da motarsa ta kwanta ba shi da kuɗin sayen wata, buhunan masarar manoma kuma ba za su jira shi ba.

Aikin ƙarfen kansa, makanikai da masu walda sun daɗe da ƙwarewa a kansa. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wata 'yar lamba da aka buga a jikin ƙarfe tun daga masana'anta. Ita ce sunan motar a wurin hukuma. Ita ce kuma ke raba gardamar ko abin da ya fito daga gareji tsohuwar motar ce aka yi wa sabuwar riga, ko kuwa wata mota ce daban ke yawo da takardun da ba nata ba.

Gini iri biyu

Kafin a fahimci rikicin lambar, sai an san cewa ba duka motoci aka gina iri ɗaya ba.

Manyan motocin ɗaukar kaya suna zaune ne a kan shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da wasu na tsakiya kamar tsani. A kan wannan tsanin ake ɗaure injin da giya da sifirin da tayoyi, sannan a aza kan mota inda direba ke zama, a aza akwatin kaya a baya. Shasin ne ke ɗauke da nauyi, shi ne kuma ke ɗauke da lamba. Ana iya sauke akwatin baya a ɗora wani sau uku ko huɗu a rayuwar motar, a canza kan ma gaba ɗaya, ba tare da an taɓa asalinta ba. Wannan ne ya sa Najeriya ta daɗe da al'adar shigo da shasi da kai kawai a gina sauran a gida: haka aka yi da tsofaffin Bedford masu bodin katako, haka kuma aka gina motocin molue na Legas a kan shasin Mercedes.

Ƙananan motoci na zamani ba su da wannan tsanin. Gangar jikin ita ce shasin. Ƙasan motar, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, da bangon da ya raba injin da fasinja, duk an yi musu walda sun zama abu guda mai ɗaukar nauyin kansa. Peugeot 504 haka take, Golf ma haka. A irin wannan mota, lambar tana jikin bodin ne, yawanci a ɗakin injin, an buga ta a ƙarfe an kuma maimaita ta a wani ɗan faranti. Wanda ya sauya bodin 504 ya sauya ƙarfen da ke ɗauke da sunanta ke nan. A idon mai mota, injinsa ne da giyarsa da kujerunsa, don haka motarsa ce. A idon takarda kuwa, motarsa tana can yashe a bayan gareji, wannan da yake tuƙawa ta wani ce.

Fijo da Kakuri

Idan akwai motar da ta cancanci a kira ta tsohuwar zuma a arewacin Najeriya, to Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da Fijo. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da ita a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, an kuma ƙera sama da miliyan uku. Abin da ya sa ta yi suna a Afirka shi ne tsayin ƙafafunta daga ƙasa, da laushin sifirin ɗinta a kan gargada, da injin mai silinda huɗu wanda bakaniken ƙauye zai kwance ya mayar a gindin bishiya. A 1975 ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, gasar da ake yi wa kallon mafi wahalar da mota a wancan zamani.

A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Shekaru da dama ana ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a kawo su Kaduna a haɗa. Bayan kisan Janar Murtala Mohammed a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta gangara zuwa ma'aikata, da 'yan sanda, da direbobin tasha, waɗanda suka fi son doguwar mai kujeru layi uku. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kakuri ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, bayan kusan ko'ina a duniya an rufe babinta. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta karɓe shi a 2012.

Ma'anar wannan tarihin ga mai gyara a yau ita ce, ƙasar da ta fi kowace daɗewa tana fitar da 504 ba ta da sabon bodinta ko ɗaya na sayarwa. Abin da ke kasuwa duk na hannu ne: motar da injinta ya buga aka yasar, ko wadda magada suka gaji da gani a tsakar gida, ko tsohuwar motar ma'aikata da aka yi gwanjonta. A Ingila lamarin daban yake. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon bodin motar MGB da ainihin injinan da aka buga na farko da su, daga baya ya ƙara da na Mini. A Amurka ana sayar da sabon bodin Mustang na shekarun 1960 da izinin kamfanin Ford. Darajar tsohuwar mota ma ba ta da ma'auni ɗaya: a 2011 an yi gwanjon Fijo 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, kan kusan dala miliyan biyu da rabi, alhali 'yar uwarta a Kaduna na iya ƙarewa a kan sikelin 'yan gwangwan.

A tashoshin yankin yau Fijo ta yi ƙaranci, sai dai a-kori-kura nan da can. Golf mai dogon baya ce ta gaje ta wajen jigilar fasinja da kaya. Ita ma dai ba yarinya ba ce. An ƙera ta ne a shekarun 1990, kuma a Jamus, inda aka haife ta, motar da ta cika shekara 30 tana iya samun lambar motocin tarihi. Wato abin da Bajamushe zai goge ya ajiye a rumfa, shi ne ke ɗaukar mutane da buhuna har saman rufi a kan hanyar Buruku da Udawa.

Me ya sa Birnin Gwari

Birnin Gwari mahaɗa ce. Ta gabas hanya ta nufi Kaduna, ta arewa ta nufi Funtuwa a Jihar Katsina, ta kudu maso yamma ta bi Tegina a Jihar Neja ta sauka kudancin ƙasar. Ƙasar noma ce mai yawan masara, ga katako, ga zinare. Duk waɗannan kaya ne masu nauyi, kuma yawancinsu daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba suke fitowa. Ramuka da lodin da ya wuce kima suna tsaga bodi tun kafin injin ya gaji. Laka ta damina tana maƙalewa a ƙarƙashin mota ta riƙe danshi, tsatsa ta fara daga ciki inda ido ba ya gani. Shi ya sa a nan ake yawan samun injin da ya fi gangar jikinsa tsawon rai.

Sai kuma abin da ya fi ramuka. Fiye da shekara goma yankin yana fama da 'yan bindiga da mayaƙan Ansaru da suka samu mafaka a dazukan Kamuku da Kuyambana. An tare hanya, an kwashe fasinjoji, an harbe tayoyi da gilasai, an ƙone motoci. An yi lokacin da matafiya ke jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su kama hanyar Kaduna, wasu kuma su zagaya ta Funtuwa da Zariya. A 2021 gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin mako a yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana sare itatuwa a wasu ƙananan hukumomi ciki har da Birnin Gwari, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Duk mai motar haya da ya rayu a waɗannan shekarun ya yi su ne da aiki kaɗan da asara mai yawa.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makami, aka sake buɗe kasuwar shanun da ta yi shekaru a rufe. Ko me mutum zai ce game da ɗorewar wannan sulhu, kasuwar da ta buɗe tana neman motoci. Sai dai ta buɗe ne a lokacin da sayen mota ya fi ƙarfin talaka. A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya toshe hanyar Kwatano da Maraɗi da arewa ta dogara da ita. A 2022 hukumar kwastam ta koma ƙiyasta haraji da lambar shasi. A 2023 aka cire tallafin fetur, aka saki naira ta faɗi. Da waɗannan suka haɗu, motar da a da za a ce ta zama kwandam sai ta koma jari.

Yadda ake aikin

Farko neman bodi. Masu nema kan bi garejin Kaduna da kasuwar Panteka, ko Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokacin har Ladipo a Legas. Dole ya zama irin motar, kusan kuma shekara ɗaya, domin kamfani kan sauya wurin ƙusoshi da tsarin wayoyi daga wannan ƙira zuwa waccan. Dole kuma ya zama mai sitiyari a hagu. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma bodin da aka yi don Ingila ko Kenya sai an fasa bangonsa kafin a mayar da sitiyari da birki ɗaya ɓangaren, aikin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha gargaɗi a kansa.

Gwanin fanalbita ba ya kallon fenti. Ƙarƙashi yake shiga da guduma da tocila. Yana duba inda shokabzoba ke zama, da dogarin ƙofofi, da gindin ginshiƙai, da ƙasan but inda ruwa ke kwanciya. Yana auna motar daga kusurwa zuwa kusurwa: in tsawon dama zuwa hagu bai yi daidai da na hagu zuwa dama ba, bodin ya taɓa murɗewa, kuma motar da aka gina a kansa za ta riƙa cin taya tana ja gefe har ƙarshen rayuwarta. Maganaɗisu ma yana da amfani, domin ba ya kama inda aka cika rami da fila aka shafe da fenti.

Bodin da ya ƙone ba ya cikin lissafi, ko da ya tsaya da siffarsa. Wuta mai tsanani tana sauya ƙarfin ƙarfe, tana kuma cinye rufin da ke kare shi daga tsatsa har cikin lungunan da burushi ba zai kai ba. Ana iya yi masa fenti ya yi kyau a ido, amma ranar da aka yi karo zai naɗe kamar gwangwanin madara.

In an samu bodi, sai a jera motocin biyu gefe da gefe. Ana sauke injin da giya, a kwance ƙafafun gaba da na baya, a ciro tankin mai da bututun birki, da lagireto, da sitiyari, da allon gaban direba. Wayoyin lantarki su ne suka fi cin rai. Mai riwaya da ya san aikinsa yana ɗaure wa kowace waya alama kafin ya cire ta, ya kuma sauya duk wadda rigarta ta bushe, domin tsohuwar waya da ta goge a jikin ƙarfe kusa da bututun fetur ita ce mafarin gobarar da ake cewa ta tashi haka kawai. Tun bodin yana tsirara ake kankare tsatsa, a yanke inda ya ruɓe a sa sabon ƙarfe, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti. Wanda ya yi gaggawar mayar da kaya kafin wannan matakin ya ɗaga matsalar ne zuwa damina mai zuwa.

Akwai abubuwan da ba a mayar da tsofaffinsu ko da kuɗi sun yi ƙaranci: robobin birki, da bututunsa masu laushi, da robobin da injin ke zama a kai, da ƙusoshin da ke riƙe da bel ɗin kujera. A nan ne mai mota da bakanike suka fi samun saɓani, domin kuɗin sun riga sun ƙare a sayen bodi da fenti, waɗannan kuwa ba a ganinsu daga waje.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da ya kamata a raba ta da sauya bodi, wato a yanka motoci biyu a haɗa gaban wannan da bayan waccan. Tana da arha, gwanin walda kuma zai iya ɓoye ɗinkin a ƙarƙashin kafet da fenti. Amma a motar da bodinta ne shasinta, layin waldar ya ratsa ainihin ƙashin bayanta ne. Masana'anta tana haɗa waɗannan sassan da ɗaruruwan ɗigon walda a wuraren da aka lissafa, ta yadda ƙarfen zai shanye bugu ya kare na ciki. Waldar kabaid a tsakiyar rufi da ƙasa ba ta mayar da wannan lissafin. Fasinjan da ya biya kuɗin kujera a tasha ba shi da hanyar sanin a kan me yake zaune.

Roka da katakonta

A ɓangaren manyan motoci, sarauniyar daji ita ce Mercedes 911 mai gajeren hanci, wadda direbobi ke kira roka. Mercedes ta fara wannan ƙirar a 1959, a Najeriya kuma kamfanin ANAMMCO da ke Enugu ya haɗa ta tun daga farkon shekarun 1980. Injinta na gas mai silinda shida ba shi da kwamfuta ko ɗaya, shi ya sa har yau take shiga inda tirela ba ta isa ba, ta fito da gungume ko buhuna.

Sauya bodin roka aikin kafinta ne da maƙeri. Ana shimfiɗa manyan katakai a kan shasi, a ɗaure su da ƙarafa masu lanƙwasa, a gina daɓe da bangaye, sannan mai zane ya zo da furanninsa da kirarinsa. Abin da gwanaye ke kiyayewa shi ne kada a huda ko a yi walda a leɓen shasin, domin an yi shi ne ya riƙa ɗan lanƙwasa a kan gargada, kuma daga inda aka ƙona shi yake fara tsagewa. Ƙara tsawon shasi ko tsayin bango domin a ƙara lodi yana ɗaga nauyin sama, birkin da aka yi don wani nauyi kuma a ce ya tsayar da ninkinsa.

Katakon da ake so shi ne mai tauri da jure ruwa, irin su maɗaci da kawo da doka, kuma irin itatuwan da dazukan yankin suka yi suna da su ke nan. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana da faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100, doka ce ta fi yawa a cikinsa. Akwai abin dubawa a nan: motar da aka yi wa jiki da itacen daji ita ce ke komawa dajin ta kwaso saura. Maɗobiya ma, wadda kasuwar Sin ta yi wa wawaso a Afirka ta Yamma, ta kai ga an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun 2017. Tsadar katako mai kyau na cikin dalilan da suka sa masu motoci da yawa ke komawa bodin ƙarfe.

Ta fuskar takarda dai, mai roka yana cikin sauƙi. Muddin shasinsa na asali ne, lambarsa tana nan inda aka buga ta.

Lamba da doka

Mai ƙaramar mota ne ke shiga tsaka mai wuya. Ya gama aiki, yana riƙe da takardun tsohuwar motarsa, lambar da ke jikin sabon bodin kuwa ta wata mota ce. Hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta farko, ya bi sabuwar lambar: ya karɓi takardun motar da ya sayi bodinta, da rasiɗin ciniki, da takardar kwastam ta asali, ya yi canjin mallaka zuwa sunansa, sannan ya sanar da cewa an sauya injin. A bisa tsari wannan ce tsaftatacciyar hanya, domin a takarda abin da ya faru shi ne ya sayi waccan motar ya sa mata injinsa. Dokokin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012 sun ɗora wa mai mota alhakin sanar da hukumar rajista idan ya sauya launi ko injin. Cikas ɗin shi ne bodin da ya shekara goma a bayan gida sau da yawa takardunsa sun ɓace, mai shi ya rasu, ko kuwa ya ratsa hannun dillalai huɗu ba wanda ya rubuta komai.

Ta biyu, ya yi shiru, ya ɗaura tsohuwar lambar rajistarsa a gaba da baya ya kama hanya. Zai iya shekara ba wanda ya buɗe bonet. Amma a hanyar da shingayen soja da 'yan sanda suka yi yawa kamar ta Birnin Gwari, ranar da wani jami'i ya gwada takarda da ƙarfe ya ga sun saɓa, direban ya zama wanda ake zargi, a yankin da zargin kai wa 'yan bindiga kaya ba ƙaramin abu ba ne. Ko bai kai ga haka ba, saɓanin ya zama ƙofar tatsa a kowane shinge. Inshorarsa ma, in yana da ita, tana kan motar da ba ita ce a hanya ba.

Ta uku ita ce mafi muni: a yanko ƙarfen da ke ɗauke da tsohuwar lamba a liƙa a sabon bodi, ko a goge a sake bugawa. Mai motar na iya yin haka da zuciya ɗaya, yana ganin ai motarsa ce. Sai dai wannan ita ce ainihin dabarar da ɓarayin mota ke amfani da ita a ko'ina a duniya: a sayi gawar motar da ta ƙone ko ta yi raga-raga saboda takardunta kawai, a sato irinta, a ɗora mata lambar gawar. Don haka a gawar motar da aka ƙone a hanya, abin da ya fi ƙarfen daraja shi ne lambarta da takardunta. Mai motar da ya sayar wa ɗan gwangwan ƙarfe ya haɗa masa da takardu ba tare da rubutacciyar shaida ba, yana iya wayar gari sunansa na kan motar da aka yi ta'asa da ita. Wanda kuma ya sayi bodin da ba a san asalinsa ba yana iya faɗawa cikin laifin karɓar kayan sata, wanda dokar Penal Code ta Jihar Kaduna ta 2017 ta tanadi hukunci a kansa.

Ingila ta fuskanci wannan tambayar ta ba ta amsa a rubuce. Shekaru da yawa ƙa'idar hukumar rajistar motocinta, DVLA, ita ce motar da aka sake ginawa za ta riƙe lambarta in an yi amfani da bodinta na asali, ko sabo fil irin na asalin tare da rasiɗi, haɗe da wasu manyan sassa biyu na tsohuwar motar. Wanda ya yi amfani da bodi na hannu kuwa ana ba shi lamba ta musamman mai farawa da harafin Q, alamar cewa asalin motar ko shekarunta ba su tabbata ba. An sassauta tsarin a 2025 bayan koke-koken masu tsofaffin motoci. Ana iya jayayya kan tsaurinsa, amma mai gyara a can ya san matsayinsa tun kafin ya kwance ƙusa ta farko.

A Najeriya bayanan mota ɗaya suna warwatse a hannun hukumomi da dama. Kwastam na da nata, hukumar kiyaye haɗurra na da rumbun lambobin rajista, jiha ce ke ba da lasisi da takardar lafiyar mota, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta kawo rajistar VREG a 2021, 'yan sanda kuma na da babbar rajistar motocinsu. Ita wannan ta 'yan sandan ce ta ambaci sauya shasi ko bodi ƙarara cikin abubuwan da ake yi wa rajista. A Yulin 2024 rundunar ta sanar da cewa daga ranar 29 ga watan za ta fara tilasta amfani da sabon tsarinta na intanet, e-CMR. Jama'a da lauyoyi suka yi ca, suna tambayar hurumin 'yan sanda na karɓar kuɗi a kan takardar mota, Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da tilastawar kafin ranar ta zo. Ko da an bar muhawarar hurumi a gefe, tsarin da ke buƙatar intanet da biyan kuɗi ta waya bai yi la'akari da direban ƙaramar hukumar da gwamnati da kanta ta taɓa katse wa layin waya ba.

Abin da ya rage a hannun mai mota shi ne ya tara wa kansa shaida. Ya ɗauki hoton lambobin motocin biyu kafin a fara aiki da bayan an gama. Ya rubuta yarjejeniyar sayen bodi da sunan mai sayarwa da lambar shasi da shaidu, shugabannin ƙungiyar makanikai ko ta direbobi su sa hannu. Ya nemi 'yan sanda su duba ko an taɓa kai rahoton satar motar da ke da wannan lamba, ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya kai motar ofishin masu duba lafiyar motoci domin a gyara bayanan lasisi. Tsohon bodin kuma kada ya bar gareji da lambarsa a jiki: a yanke ƙarfen da ke ɗauke da ita a gaban mai shi, ya ajiye tare da tsofaffin takardun, sannan a kira 'yan gwangwan su ɗora saura a sikeli.